Motar kwando da injin jan kaya: a daina cire musu abin tsaro

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin 'yan kwangila, masu ba da hayar injuna da su kansu ma'aikata a kan aikin sama a birnin Kano. Duk mai bin titin Zariya ko titin Murtala Muhammad ya saba ganin motar nan mai dogon hannu da kwando a ƙarshensa, an ɗaga mutum yana gyaran fitilar titi ko yana ɗaura allon talla. A masana'antun Sharaɗa, Challawa da Bompai akwai mai ƙirar almakashi, wadda ke miƙewa tsaye. A wuraren gina benaye kuma, irin na Kantin Kwari, injin jan kaya ne ke haurar da bulo da kankare. Injunan nan sun fi tsanin gora aminci nesa ba kusa ba, amma fa in an bar su yadda maƙerinsu ya yi su. Da yawansu na hannu ne daga Turai, kuma kafin su shekara a nan sai ka tarar an tsinke wayar ƙararrawa, an haɗe makunnin da ke tsayar da inji, wai suna hana aiki sauri.

Kifewar motar kwando daga ƙasa take farawa. Ƙafafun jak huɗu da ake saukewa su ne ke riƙe da komai, kuma idan hannun ya juya gefe guda, mafi yawan nauyin motar kan koma kan ƙafa ɗaya. A ce tan 5 ya sauka a kan ƙafar da tafinta santimita 20 ne tsawo da faɗi. Wannan daidai yake da tan 125 a kan murabba'in mita ɗaya, abin da ƙasar cike ba za ta taɓa ɗauka ba. In aka shimfiɗa faranti ko katako mai kauri na santimita 60 kowane gefe, lissafin ya sauko kusan tan 14. Shi ya sa ba a sauke jak a kan ƙasa tsurarta, ba kuma a tallafe shi da bulo, domin bulo fashewa yake yi lokaci guda ba tare da ya ba da alama ba. A Kano akwai tarko iri-iri: murfin kwata na bakin titi, kwalbati, sokawe da aka rufe da siririn dakin, ramin da aka haƙa don bututun ruwa aka mayar da ƙasa ba a daddale ba. Da rani ƙasar takan yi kamar dutse, amma ruwan Agusta na kwana ɗaya ya isa ya mayar da wurin taɓo a ƙarƙashin ɓawon da ya bushe.

Ƙararrawar karkata tana kuka ne idan injin ya kauce wa daidaito da 'yan digiri kaɗan, a wasu biyu ko uku, a wasu biyar. A ido wannan ba komai ba ne, amma kwandon da ke sama da mita 15 ya riga ya fita daga inda ƙafafun za su iya riƙe shi. Idan ta yi kuka, a sauko, a gyara mazaunin. Haka na'urar awon nauyi. Yawancin kwanduna an rubuta musu kilo 230 ko kusa da haka a jikin faranti. Mutum biyu masu kilo 80 kowanne sun cinye 160, saura 70, wato buhun siminti ɗaya da 'yan kayan aiki. Wanda ya ƙara injin walda, silinda da mutum na uku ya wuce ƙa'ida, ko da injin bai nuna gajiya ba. Kwando kuma ba kiren ba ne. Ba a ɗaura masa igiya a ja rodi daga ƙasa, ba a kafa tsani ko jarka a cikinsa don a ƙara tsawo, ba a taka ƙarfen gefensa.

Sai iska. Injin da aka ƙera don aikin waje iyakarsa mita 12.5 a daƙiƙa, wato kilomita 45 a awa, da yawa daga ƙananan masu almakashi kuwa na cikin ɗaki ne zalla, ba a yarda iska ta same su ba sam. Masu ɗaura allon talla su ne suka fi shiga haɗari, saboda faffaɗan allo ko tamfol yana tare iska ya ninka ƙarfin da ke tura kwandon. Kowa ya san yadda guguwar farkon damina ke tasowa a Mayu da Yuni, gari ya yi ja cikin 'yan mintuna. Da an ga hadari ya haɗo daga gabas a sauko, kada a ce bari a ƙarasa ɗaure noti biyu. Iskar da ake ji a ƙasa tsakanin gine-gine ba ita ce ta sama ba, kuma na'urar awon iska ta hannu ba ta kai kuɗin hayar yini ɗaya ba.

Wutar lantarki ita ce mai kisa nan take, kuma a nan ne aka fi sakaci. Layukan 11kV da 33kV na bin manyan titunanmu tsirara, ba roba a jikinsu, kuma ba sai an taɓa ba: idan ƙarfe ya matso sosai wutar tsallakowa take yi. Mafi ƙarancin tazara mita 3 ne, a lissafa har da tsawon bututu ko rodin da ke hannun ma'aikaci, da lilon da waya ke yi a iska. Maganar da ta fi kowacce haɗari a wurin aiki ita ce "ai babu wuta". Babu ita yanzu, ana iya kawo ta kafin ka ƙifta ido. Ko layin a kashe yake, janareto ko inbatar sola ta wani gida da ba a raba ta da layin waje ba tana iya mayar da wuta baya ta cikin taransifoma. Abin da ya dace shi ne a nemi KEDCO ta kashe layin a hukumance, a gwada, a ɗaura masa wayar ƙasa, sannan a hau. Mafi yawan kwandunan haya ƙarfe ne tun daga sama har ƙasa. Masu hannun da ba ya ɗaukar wuta daban suke, su ma ƙurar hunturu da laima na rage musu kariya.

In tsautsayi ya sa hannun ya taɓa waya, na cikin mota ya zauna inda yake, na ƙasa su ja baya aƙalla mita 10, kada kowa ya taɓa jikin motar. Sau da yawa mai zuwa ceto ne ke fara faɗuwa. In gobara ta tilasta fita, a yi tsalle da ƙafafu a haɗe ba tare da riƙe mota ba, a tafi ana jan ƙafa a ƙasa ba a ɗagawa.

Bel ɗin tsaro na jiki duka ake so, mai ratsa kafaɗu da cinyoyi, ba na ƙugu kaɗai ba. A maƙala shi a zoben da aka tanada cikin kwando, da gajeriyar igiyar da ba za ta bar mutum ya fita ba. Kada a ɗaura shi a falwaya ko jikin gini, domin in mota ta motsa mutum zai tsinci kansa tsakanin abu biyu. Dalilin bel ɗin shi ne dogon hannu yana ninka kowane motsi: taya ta faɗa ƙaramin rami, ko adaidaita sahu ya goga jikin mota, sai kwandon ya wurgo mutum kamar dutse a majajjawa. Don haka aikin bakin titi na buƙatar shinge da alamu tun daga nesa, da mai tsayar da ababen hawa, kuma a manyan tituna a nemi taimakon KAROTA. Doguwar igiya ta mita 2 mai rage girgiza tana buƙatar sararin kusan mita 6 a ƙarƙashi kafin ta tsayar da mutum. A ƙasa da haka, sai ya bugi ƙasa tana nan ba ta gama buɗewa ba.

Wani abin da ake raina shi ne mutumin ƙasa. Kowane inji yana da makunnan sarrafawa a gindinsa da bawul ko famfon saukar gaggawa. Idan mai ya ƙare, ko na sama ya suma don zafin Afrilu, ko ƙarfen rufi ya danne shi a kan sandar sarrafawa, wanda ke ƙasa ne kaɗai zai sauko da shi. Dole ya san inda suke, ya gwada su da safe, kuma kada a aike shi sayen abinci. Wanda ya faɗo yana reto a bel, mintuna ne tsakaninsa da suma saboda jini na taruwa a ƙafafu.

Duban safe bai wuce minti 15 ba: tayoyi, burki, ruwan batir, fin-fin da makullansu, tsagewa a wuraren walda, ƙofar kwando, maɓallin tsayarwa ja. Yoyon man haidirolik da kwali ake nemansa. Man da ke fita ta ƙaramin huji a tiyo yana iya huda fata ya shiga nama, raunin ya yi kamar cizon sauro, alhali aikin tiyata ne na gaggawa.

Injin jan kaya na wuraren gini ya fi ban tsoro, domin da yawansa haɗin gida ne, ba faranti, ba wanda ya san iyakarsa. Baro ɗaya na jiƙaƙƙen kankare ya kai kilo 150. Sandar da ke riƙe da wili sai an ɗaure ta da ginshiƙi ko dakin da ya gama ƙwari, ba a danne bayanta da buhunan siminti waɗanda leburori za su kwashe in an buƙace su. Wilin igiyar hannu kuwa kilo 50 ne iyakarsa. Wayar ƙarfe in ta lanƙwashe, ta yi tsatsa, ta buɗe ko silinta sun fara tsinkewa suna soke hannu, ta gama aiki, ba a ƙulla ta. Maɗaurinta, wato ƙarfen mai noti da ke matse bakin waya inda aka lanƙwaso ta, aƙalla uku, kuma sirdin maɗaurin a kan ɓangaren da ke ɗauke da kaya yake zama, lanƙwasasshen ƙarfen a kan jelar. Masu juya shi suna murƙushe wayar da kansu. A bar zagaye uku na waya a kan gangar da ke naɗe ta ko kaya sun kai ƙasa. Ƙugiya ta kasance da harshen rufewa, in bakinta ya fara buɗewa a jefar, kada a mayar da shi da guduma. Igiya biyu da aka buɗe sosai ba sa raba nauyi: in kusurwar tsakaninsu ta kai digiri 120, kowacce tana ɗauke da nauyin kayan gaba ɗaya. Cen-bulok, wato abin ɗaga kaya mai sarƙa da ake ja da hannu, an yi shi ne mutum ɗaya ya ja, in sai an taru biyu ko uku, kayan sun fi ƙarfinsa. A killace ƙarƙashin injin, mutum ɗaya tak ke ba da alama, kuma ɗan Adam ba ya hawa abin jan kaya, haka cokalin katafila ko ƙugiyar Hiab, wato kiren ɗin da ke kan babbar mota.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ce a riƙa yi wa injunan hawa da na jan kaya, da sarƙoƙi da igiyoyinsu, cikakken bincike duk wata shida. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashi a asusun NSITF, wanda daga ciki ake kula da wanda ya ji rauni. Leburan da aka ɗauka da safe a bakin titi ba ya cikin kowane lissafi, in ya faɗo sai dai 'yan uwa su yi karo-karo a Asibitin Ƙashi na Dala.

Ina kira ga sashen duba masana'antu na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ya riƙa leƙa garejin masu ba da haya, ga hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, kuma ta sa tsarin ɗaga kaya cikin sharuɗɗan izinin gina bene. Ma'aikatun jiha da ke ba da kwangilar fitilun titi su rubuta bel, shinge da mutumin ƙasa cikin takardar kwangila, da kuɗinsu. Mai karɓar haya kuma ya nemi takardar binciken wata shida da direban da ya san injin, ya sa a gwada ƙararrawar karkata da saukar gaggawa a gabansa kafin ya biya kafin alƙalami.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Sharaɗa, Kano