Sunana zai fito a fosta, amma a kan wasan da nake jin kunyarsa

Assalamu alaikum Hajiya.

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki na gidan rediyo. Ni ƴarki ce daga Nima, nan Akara, Gana, ɗaya daga cikin unguwannin Hausawa da sauran Musulmi da ake kira Zango. Shirinki ba ya wuce ni. Galibi ina jin ki ne ƙafata a kan keken ɗinki, allura a baki. Don Allah in za ki karanta wasiƙar nan ki sakaya sunana. Kin san Zango: ka yi tari a bakin titi, kafin ka isa gida an zo yi wa uwarka jaje.

Shekarata 29, tela ce ni. Shekara uku na yi ina koyon ɗinki a hannun wata baiwar Allah a Mamobi kafin ta yaye ni. A 2018 wata mai kawo mini ɗinki, Kirista ce ƴar Fante, ta faɗo shagona da la'asar sakaliya riƙe da doguwar riga da ta ɓarke daga hammata har ƙugu, ta ce ƙarfe bakwai za ta hau dandamali da ita. Lokaci ya ƙure, sai na bi ta da zare da allura, na ƙarasa ɗinkin a jikinta a bayan labule ana ta kiran ta. Shigar da na yi ke nan, har yau ban fito ba.

Ƙungiyarmu ta wasan kwaikwayo ƙarama ce, ba mu kai ashirin ba, kuma ni kaɗai ce Musulma, ni kaɗai ce ƴar Zango. Ba mu da zauren kanmu. A ajin wata firamare muke gwaji bayan yara sun tashi, mu ture bencina gefe, mu zana iyakar dandamali da alli a ƙasa. In wasa ya nuna sai mu kama hayar zaure na kwana biyu ko uku. Babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa, wanda Sinawa suka gina aka buɗe a 1992, mai kama da jirgin ruwa, da kujerunsa kusan 1,500, mu dai daga tagar trotro, wato ƙaramar bas ɗin haya, muke gaishe shi.

Da sutura na fara. Nakan yi sammako Kantamanto lokacin da ake yanka dilar gwanjo, in tsinto kwat ɗin lauya, rigar amarya, takalmin soja, in zo in rage in ƙara. Da gobara ta cinye kasuwar a farkon Janairun 2025 sai da na yi kuka kamar rumfata ce, don matan da ke ba ni kaya bashi babu wadda ta tsira da tsinke. Daga baya aka miƙa mini littafin wasa, wato rubutaccen labarin da aka bi da fensir aka yi wa alama: nan fitila za ta dushe, nan ganga za ta shigo, nan wance za ta fito ta hagu da tulu a ka. Mai riƙe da littafin nan a cikin duhu take zama, amma in ba ta ɗaga hannu ba ko labule ba ya motsi. Ni ce ke mayar da amarya tsohuwa mai takaba cikin daƙiƙa arba'in. Ranar da aka ɗauke mana wuta ana tsakiyar wasa, janareta kuma ya ƙi tashi, ni na jera yara shida a gaban dandamali da fitilun wayoyinsu har aka kai ƙarshe. In watan hana kiɗa da hayaniya ya kama, wanda sarakunan Ga ke sawa kafin bikin Homowo, ni ke ƙidaya wa masu rawa bugun ganga da baki, a hankali, don kada a jiyo mu a waje. A 2020 da korona ta rufe komai, takunkumin atamfa na riƙa ɗinkawa muna sayarwa, da shi ƙungiyar ta rayu.

Hajiya, ina son aikin nan, ba zan ɓoye miki ba. Abokan aikina da suka yi karatun wasa a jami'ar Legon suna yawan ambaton marubuciyar wasan kwaikwayo Efua Sutherland, yadda ta ɗauko tatsuniyoyin Ananse ta hau da su dandamali, masu kallo na amsa waƙa. Ranar da na fara gani sai na ce a raina, ai wannan Gizo ne da Ƙoƙi, wannan “ga ta nan ga ta nanku” ce ta kakata, fitila kawai aka ƙara mata. Ita kuwa kakar tawa, Allah ya jiƙanta, da ta ji inda nake zuwa cewa ta yi na bi ƴan konsat, irin masu yawo gari-gari da makaɗa a zamaninsu, maza na ɗaura zane suna fitowa a mata. Shi ya sa har yau Mma, mahaifiyata, kaɗai ta san gaskiyar aikina. Kawuna, wanda shi ne uba a gare mu yanzu kuma yana cikin dattawan masallacin layinmu, ya ɗauka ɗinkin biki ne ke kai ni dare.

Shekara bakwai ke nan sunana bai taɓa fitowa a fosta ba. Na marubuci ya fito, na darakta, na ƴan wasa, har na mai sayar da ruwan leda da ya ba mu gudummawa. Ana tafi, ni ina ninke kaya. Abin yana mini ciwo, ko da yake ɓoyuwar tana rufa mini asiri a gida.

To, ga abin da ya sa na rubuto. Wasan da muke shiryawa na Disamba a kan Zango ne. Labarin wani ɗan masu kuɗi ne da aka fizge wa waya a shataletalen Circle, ya biyo sawunta har cikinmu. Wa zai tarar? Alhaji mai mata huɗu da ke dambe a tsakar gida, malami mai yi wa ƴan sakawa, wato ƴan damfarar intanet, laya, da wani ƙato mai jan ido da ƴan siyasa ke haya ranar zaɓe. Akwai wurin da alhajin zai katse salla ya amsa waya saboda kuɗi sun shigo. Akwai inda za a ce masa ya tattara ya koma ƙasarsu, kuma a nan ne aka tsara za a fi dariya. Ni da na tashi ina jin yadda aka loda ƙannen kakata biyu a mota a 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, alhali nan aka yanke musu cibiya, dariyar ba ta zo mini ba.

Ba zan ce miki ƙarya aka yi mana tsagwaro ba. Ina Nima aka yi rikicin samari a farkon 2022, na ji ƙarar bindiga da kunnena. Malaman tsibbu akwai su, ƙattin siyasa akwai su. Amma awa biyu cur babu mutumin kirki ko ɗaya? Babu mai koko da ke tashi ƙarfe uku na dare, wadda rabin garin nan da kokonta da ƙosanta suke karyawa? Nan aka haifi ɗan ƙwallo Mohammed Kudus. Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, da ya cika shekara 100 a 2019, da ƙafarsa ya shiga cocin Katolika ranar Ista don zumunci, duniya ta yi ta magana. Ƙanena kuwa in zai cike takardar neman aiki sunan wata unguwa yake sawa, don ya gaji da yadda fuska ke canzawa in an ga Nima.

Na sami darakta na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce wasa ne, ai mun yi wa Asante, mun yi wa Ga da Ewe, ba wanda ya mutu. Gaskiyarsa, mun yi. Mu ma muna da wasan barkwanci, Bafulatani da Babarbare ba su haɗuwa ba su tsokani juna ba. Sai dai a barkwanci kowa da bakinsa, ka faɗa a rama. Da muka yi na Asante rabin ƴan wasan da Tonanci, harshen Asante, suka tashi, duk inda aka wuce gona da iri nan take suke cewa a'a, a gyara. A wannan kuwa bakin Zango ɗaya ne tak, shi ma yana bayan labule da fil a cikinsa.

Sai ya ce ai shi ya sa yake bukatata. Ni zan sa wa ƴan wasa Hausa a baki, ni zan koya musu naɗin rawani da zaman tabarma, kuma a karon farko zai sa sunana a fosta da manyan baƙaƙe, a matsayin mai ba da shawara kan al'adun Zango. Hajiya, abin da na yi shekara bakwai ina jira ke nan. Fostar nan za a manna ta a Circle, a jikin trotro, ta zagaya WhatsApp. Kawu zai gani. Duk wanda wasan ya ɓata wa rai ba zai nemi marubuci ba, zai ce ƴar gidan wane ce ta sayar da mu.

Yanzu ga laifina, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Babu mai jin Hausa a cikinsu, haddar sauti kawai suke yi. Inda aka rubuta ƙaton nan ya zagi uwar baƙon, ni abin da na koya masa shi ne: “Allah ya shirye ka ɗan'uwa, ka ci abinci kuwa?” Yana faɗa yana zare ido, jijiyar wuya a tashe, darakta na tafa masa. Inda alhaji zai yi wa uwargida barazanar saki na ba shi “Allah ya huci zuciyarki.” Malamin kuma an ce in samo masa ayoyin da zai tofa a laya. Wannan kam ko da wuƙa a wuyana ba zan yi ba, sai na koya masa Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, yana ja yana rangaji kamar mai karatu. Mako biyar muna haka. Wani lokaci sai na fita waje na yi dariya har hawaye, in dawo kuma cikina ya ɗuri ruwa. Akara cike take da masu jin Hausa. Daren farko za a fashe da dariya inda ba a tsara ba, darakta ya waiwayo ya dube ni.

Abin da ke hana ni barci shi ne mutumin nan bai cancanci haka daga gare ni ba. Shi ke tsayar da gwaji in magariba ta yi don in yi salla. Da azumi shi ke aiko yaro da ruwan sanyi da dabino. Da aka kwantar da Mma a asibiti bara, kafin dangi su gama shawara ya turo kuɗin ta waya, bai taɓa tayar da maganar ba. Ya ba ni amanar harshen da ba ya ji, ni kuma ina juya shi yadda na ga dama. Ko niyyata mai kyau ce, wannan ba ha'inci ba ne?

Na yi tunanin ajiye littafin in koma shagona. To amma wasan ba zai fasa ba, za su ɗauko wani yaro a tasha ya koya musu ashar na gaske, wataƙila har da ayoyin. Ga shi wasan Disamba ne ke biyan bashin shekara, har da ladan wasa uku da nake bi, wanda da shi na yi niyyar biyan kuɗin hayar ɗakinmu. In na zauna kuma, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wata zuciyar ta ce in je in faɗa masa abin da na yi, in ce ko dai a cire wurin salla da na komawa ƙasarsu, a ƙara mutum ɗaya na kirki, ko a cire ni. Amma ni wace ce? Tela mai riƙe littafi. In ya ce ga hanya fa? Kuma in ya yarda ya gyara rabi ya bar rabi, sunana ya halatta a kai? Shin in fara sanar da Kawu da bakina tun bango bai sanar da shi ba, ko in bari sai na ga yadda ta kaya?

Saura abu ɗaya. Babana, Allah ya gafarta masa, gadi ya yi shekara talatin a gidajen manya a Cantonments. Babbar riga ɗaya ya mallaka, shuɗiya mai aska takwas, daga Salla sai Salla yake sa ta. Shekara uku da suka wuce na ara wa ƙungiya ita, wani ya fito a sarki adali, na tsaya a duhu ina kallon rigar Baba a ƙarƙashin fitila ana yi mata tafi. Darakta bai manta da ita ba. Ya ce ita alhajin nan zai sa, wai babu rigar da ta kai ta kwarjini. Na ce masa tana wajen wanki. Mako uku ke nan tana wajen wanki.

Ranar Alhamis mai zuwa za a kai fosta wajen bugawa, ya ce in rubuto masa sunana yadda nake so ya fito. Don girman Allah, Hajiya, in da hali ki amsa mini a shirin wannan makon. In kin ga abin ya fi ƙarfin shawara sai fatawa, ki tambayar mini malamin da kike gayyatowa, ni ba ni da fuskar da zan tunkari na unguwarmu da wannan magana.

Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara rufa asiri.

Wassalam,
Ƴarki, tela daga Nima.