Gadar sama ma tana tsufa, mu duba yadda Seoul ta yi da tata

Edita, assalamu alaikum, barka da aiki. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana kan gadojin sama, saboda a wajenmu duk gwamnan da ya hau abin da yake fara nunawa kenan, mu kuma muna ta tafi, ba mai tambayar ranar da gadar ta tsufa rodinta ya fara tsatsa siminti yana zubowa kan mutane to ya za a yi da ita.

A Seoul babban birnin Koriya ta Kudu akwai wani rafi da ya ratsa tsakiyar gari, Cheonggyecheon, bayan yaƙin Koriya talakawa suka cika bakinsa da bukkoki ya koma wajen zubar da ƙazanta, sai hukuma ta fara rufe shi da kankare daga 1958, daga baya aka ɗora titin sama a kansa mai tsawon fiye da kilomita 5, aka gama a 1976. A lokacin alfahari ake yi da shi. Kafin a cika shekara 30 gadar ta gaji, injiniyoyi suka duba suka ga ta lalace har aka hana manyan motoci hawa, gyaranta kuma kuɗi ne masu yawa kuma gyaran ba ƙarewa zai yi ba. Motoci wajen dubu 168 ne ke bin wurin kullum, sama da ƙasa, don haka da aka ce a rushe mutane da yawa sun ɗauka hauka ne.

Wanda ya rushe ta shi ne Lee Myung-bak, magajin garin Seoul na lokacin, kuma mutumin nan tsohon shugaban kamfanin gine-gine na Hyundai ne, ya san siminti ciki da waje, ba wai ɗan adawa da gini ba ne. Aka fara rusau a Yulin 2003, aka buɗe rafin a Oktoban 2005, yanzu wajen shan iska ne, iyalai na zama a bakin ruwa, zafin unguwar ma ya ragu. Shi kuma ya zama shugaban ƙasa a 2008.

Abin da nake so masu karatu su riƙe shi ne ba rusau kaɗai suka yi ba. A 2004 suka sake tsarin bas na birnin gaba ɗaya, aka ware wa bas layinta a tsakiyar titi inda ƙaramar mota ba ta shiga, aka yi katin biya ɗaya da za ka hau bas ka sauka ka shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa da shi, ga jirgin nasu dama ya daɗe yana aiki. Shi ya sa cunkoson da aka yi ta tsoro bai zo yadda aka zata ba, mai mota ya ga bas ta fi sauri sai ya ajiye motar a gida. Da a ce sun rushe gadar sun bar mutane haka wallahi da garin ya tsaya cak.

Kuma kar a ce komai ya tafi daidai, don bai tafi ba, nan ne ma ya fi damuna. Dubban 'yan kasuwa da masu tebur ne ke cin abinci a ƙarƙashin gadar da gefenta, masu tebur aka kwashe su aka zuba a filin wasa na Dongdaemun, bayan 'yan shekaru filin ma aka rushe shi aka sake tashinsu, masu shaguna aka yi musu alkawarin sabuwar kasuwa Garden Five can gefen gari, da aka gama kuɗin shago ya fi ƙarfin da yawansu kuma ciniki babu. Ruwan rafin ma ba da kansa yake gudu ba, da famfo ake turo shi daga kogin Han, kuɗin wuta kullum. Duk da haka ni dai ina ganin rushewar ita ce daidai, kuskuren yana wajen yadda aka yi da masu neman na abinci.

To mu dawo Kano. Gadar Ƙofar Nassarawa, doguwar gadar Sabon Gari a titin Murtala Muhammad, Dangi, Hotoro, ga Tal'udu da Ɗan Agundi sun biyo baya, kuma Jakara ma rufe ta aka kama yi da titin Wuju-Wuju, kusan abin da Seoul ta yi wa nata rafin kenan. Ban ce a taɓa ko ɗaya ba, sababbi ne kuma wasu sun taimaka gaskiya. Amma ka hau gada ka sauka cikin cunkoson adaidaita sahu, saboda yawancin jama'a ba su da mota, bas ɗin kirki kuma babu, gada ta fi amfanar mai mota ne. Roƙona ga gwamnati da 'yan majalisar jiha, kafin a ba da kwangilar gada ta gaba a faɗa mana shekara nawa aka tsara za ta yi, wa zai riƙa duba lafiyarta kuma da wane kasafi, sannan a kwatanta kuɗinta da na sayen manyan bas da ware musu layi. Duk wanda aikin zai tasa daga shagonsa kuma a ba shi wurin da zai iya biya kafin katafila ta iso.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai karanta jaridarku, daga Kano