A wayar wa jama'a da kai kan hurumin kotuna a Kano

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ku ware fili a wannan jarida domin bayanin hurumin kotuna, wato irin ƙarar da doka ta ba kowace kotu ikon sauraro, saboda ɗimbin shari'u a birnin Kano da kewaye suna rushewa ne tun daga wurin da aka shigar da ƙara.

Da farko, ƙaramar hukuma ba ta da kotu. Kotun Shari'a ko ta Majistare da ake gani a Fagge, Dala, Gwale ko Kumbotso duk na jiha ne, ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jihar Kano. Mai unguwa da hakimi suna sulhu, kuma sulhunsu yana da albarka, amma ba hukuncin kotu ba ne da za a aiwatar da ƙarfin doka.

Ga Musulmi, ƙarar aure, saki, riƙon yara, gado, wasiyya da waƙafi a Kotun Shari'a ake fara su. Wanda bai gamsu ba zai ɗaukaka ƙara, har ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba hurumin irin waɗannan al'amura.

Inda aka fi yin asara shi ne rikicin fili. Sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya ce filin da gwamna ya ba da takardar mallakarsa, Babbar Kotun Jiha kaɗai ke da ikon sauraron rigimar mallakarsa. Sai mutum ya kai irin wannan ƙara ƙaramar kotu don ta fi kusa kuma ta fi sauƙin kuɗi, ya kawo shaidu, ya yi nasara. Lauyan abokin shari'a ya tafi sama ya ce babu hurumi, a soke komai, a koma farko. Maganar hurumi ba ta tsufa: ana iya tayar da ita ko a Kotun Ƙoli, kuma yardar ɓangarorin biyu ba ta ba kotu ikon da doka ba ta ba ta ba. Wannan abin takaici ne ga talakan da ya sayar da akuyarsa ya biya kuɗin shari'a.

Babbar Kotun Tarayya da ke Gyaɗi-Gyaɗi kuwa, mutane da yawa suna ɗauka ta fi ta jiha girma. Matsayinsu ɗaya, aikinsu ne ya bambanta, kuma ƙarar kowacce Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya take tafiya. Sashe na 251 na kundin tsarin mulki ya keɓe wa ta tarayya harajin tarayya, kwastan, harkar kamfanoni, haƙƙin mallakar fasaha da miyagun ƙwayoyi. Korar ma'aikaci da kuɗin sallama na Kotun Ma'aikata ne. Kowa ya ga abin da ya faru a 2024, lokacin da kotun tarayya da ta jiha suka riƙa ba da umarni masu karo da juna a rikicin masarautar Kano.

Sai batun wa'adi. Ɗaukaka ƙara daga Babbar Kotu a shari'ar da ba ta laifi ba, wata 3 ne bayan hukuncin ƙarshe, kwana 14 idan umarni ne na tsakiyar shari'a. Wanda ya makara sai ya nemi izinin kotu, ya kawo dalili mai ƙarfi.

Ina kira ga Babban Jojin Jiha da Alƙalin Alƙalan kotunan Shari'a na jiha su sa a liƙa allo da Hausa, boko da ajami, a ofishin rajistaran kowace kotu, mai nuna ƙarar da ake karɓa a wurin da ainihin kuɗin shigar da ita, tare da gargaɗin kada a biya ko kwabo ba rasit.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku, daga Kano.