Bayan an cire mama, wa ke yi wa miji da mata bayani?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka in yi magana a kan wani ɓangare na sankarar mama da kunya ta hana mu taɓawa. Duk watan Oktoba ana kira ga mata su riƙa duba mamansu, su garzaya asibiti da zarar sun ji ƙullutu, kuma kira ne mai kyau. Sai dai ban taɓa jin an yi bayani a kan yadda zaman aure ke kasancewa bayan an yi aiki, miki ya warke, an sallami mace ta koma ɗakinta ba.

Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ce ta sa na ɗauki alƙalami. An cire mata maman hagu tana da shekara 36, ta sha kemo, wato magani mai ƙarfi na kashe ƙwayoyin sankara, har gashin kanta ya zube, kuma ni na yi jinyarta. Ranar da aka kwance bandeji ta dubi tabon sau ɗaya, ta ce in juya madubin ɗakin ya fuskanci bango. Wata shida tana kwana da hijabi duk da zafin bazara, in za ta fita biki kuwa sai ta naɗe ɗankwali ta cusa a rigar mama, tana ta gyara mayafi don kada a lura. Mijinta mutumin kirki ne, har gonarsa ya sayar saboda kuɗin magani, amma ya ƙaurace wa shimfiɗarta. Ita ta ɗauka ƙyamarta yake yi. Da yayanmu ya zaunar da shi, sai ga shi tsoro ne ya cika shi: yana gudun kada ya fama mata ciwo, kuma wani ya gaya masa wai cutar tana yaɗuwa ta hanyar auratayya.

Sankara ba a ɗaukarta daga jikin wani, ko ta cin abinci tare ko ta kwanciyar aure. Da an kira shi ɗakin likita an faɗa masa haka cikin minti biyar, da an rage musu baƙin cikin watanni. Haka nan da an gaya musu cewa kemo na iya ɗauke jinin al'ada, kuma ƙwayar tamoxifen, wadda ake sha shekara 5 zuwa 10 don hana ciwon dawowa, takan kawo jin zafi a jiki, da bushewar gaba, da raguwar sha'awa, da ba ta zargi kanta ba, shi ma da bai ɗauka ta daina son sa ba. Akwai man shafawa da likita zai iya ba da shawara a kai. In ba a yi bayani ba, wajen masu kayan mata ake nufa, a sayo haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ba, alhali mace tana kan magani. Ga kuma batun ciki, domin ba a son a ɗauke shi ana shan tamoxifen, kuma ba kowace hanyar tazarar haihuwa ce ta dace da wadda ta yi wannan ciwo ba.

Ƙanwata ta yi sa'a aurenta ya tsaya. Wani bincike da likitoci a Zariya suka wallafa a 2010 ya bi matan aure 81 da aka cire wa mama, ya gano cewa bayan shekara uku kusan 38 cikin ɗari sun rabu da mazajensu. Mata suna jin irin waɗannan labarai a gidajen suna da biki, shi ya sa wata takan ɓoye ƙullutu ko ta gudu daga asibiti da an ambaci aiki, har sai ciwon ya ci ƙarfinta. A ganina sakin nan yana cikin abin da ke kashe mata.

Waɗanda suka koma zawarci kuwa nasu nauyin daban ne. Wata da muka saba da ita a layin ganin likita ta tambaye ni yaushe ya kamata ta gaya wa bazawarinta. Na ce mata ba dole ba ne ta buɗe sirrinta ga duk wanda ya yi sallama a ƙofar gida, amma in magana ta yi nisa ta faɗa masa da bakinta kafin a kai ga sadaki, don kada ya ji a bakin 'yan gulma.

Roƙona ga likitoci da ma'aikatan jinya shi ne su riƙa kiran miji tun kafin aiki da kuma ranar sallama, su fara ɗauko zancen da kansu, domin macen Bahaushe ba za ta iya buɗe baki ta tambayi likita namiji batun shimfiɗa ba. A samar da ma'aikaciya mace da za ta keɓe da ita, ta nuna mata maman roba da rigar da ake sa shi a ciki. Malamanmu ma su sa wannan batu a wa'azin zamantakewar aure, su gaya wa maza cewa matar da aka yi wa aiki tana nan da haƙƙinta na kwana kamar kowace mata.

Wassalam.

Wata mai karatu,
daga Zariya, Jihar Kaduna.