Ba gadi kaɗai tsohon soja ya iya ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ɗan tsakura mini fili in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ranar Talatar da ta wuce bayan la'asar, ina dawowa daga kasuwar Kara, sai na tarar mota ta kaɗe wani ɗan kabu-kabu. Yaron bai wuce shekara ashirin ba. Jini na ta zuba daga ƙasan gwiwarsa ta dama, jama'a sun yi cincirindo, wasu na salati, wasu sun ɗaga waya suna ɗaukar hoto. Wani bawan Allah, da kyakkyawar niyya, yana ƙoƙarin ɗura masa ruwan leda alhali yaron bai san inda kansa yake ba. Na ce ya dakata, kada ruwan ya shaƙe shi. Na cire hiramina na ninka, na danne ciwon da iya ƙarfina. Na sa wani matashi ya tallafe kansa don kada wuyan ya motsa, sannan na nuna mutum ɗaya da yatsa na ce, "Kai mai jar hula, tsayar mana da mota." A cikin taro in ka ce wani ya nemo mota, kowa zai tsaya jiran wani. Sai ka nuna mutum. A bariki na koyi wannan.

Da aka tafi da yaron, ina wanke hannu, wani saurayi ya ce, "Baba, ashe likita ne kai?" Na ce masa a'a, tsohon soja ne. Sai ya ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba. Da ma kuwa maigidana yana neman maigadi."

Bai faɗa don raini ba, taimakona yake son yi, kuma na gode masa. Gadi ma sana'a ce ta halal, abokaina da yawa da ita suke ciyar da iyali. Amma maganar ta kwana a raina, domin ita ce abin da kusan kowa yake gani in an ce tsohon soja: mutumin da za a ba benci da tocila a bakin ƙofa.

Na shiga soja a 1987. Wata shida muka yi muna kurata a Defo da ke Zariya. Daga baya na je Laberiya a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wadda aka fara turawa can a 1990, kuma na ajiye kaki ina da muƙamin Samanja. In na lissafa kwanakin da na harba bindiga a duk tsawon aikina, ba su taka kara sun karya ba a kan sauran kwanakin. To me muke yi a sauran? Ƙirga mutane safe da yamma, domin wanda aka ba ka amanarsa dole ka san inda ya kwana. Rubuta duk abin da ya shiga sito da abin da ya fita, har cokali. Duba mai da ruwa da taya kafin mota ta tashi, ba sai ta mutu a daji ba. Miƙa aiki ga wanda ya karɓe ka a rubuce, da sa hannu. In an ce ƙarfe bakwai, kana wurin tun bakwai saura. Sannan akwai wadda na fi ƙauna: babba ba ya cin abinci sai ya ga na ƙasa da shi sun ci. Sajen da ya horar da mu yakan tsaya a bakin tukunya har kurtu na ƙarshe ya karɓi rabonsa, kafin ya miƙa kwanonsa.

Don Allah, Malam Edita, wace makaranta, wane asibiti, wace ma'aikata ce a jihar nan ba ta kukan rashin waɗannan? Rijiyar burtsatse nawa aka haƙa a ƙauyukanmu ta lalace saboda ba wanda aka ɗora wa alhakin duba ta?

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. A ɗakinmu na kurata akwai Bayarabe, akwai Inyamuri, akwai ɗan Tibi, akwai ni Basakkwace. Wanda ya goya ni a bayansa ranar da zazzaɓi ya kayar da ni a Laberiya Kirista ne, kuma shi yakan tashe ni sahur. Wanda ya ci tuwo a kwano ɗaya da irin waɗannan, da wuya a zuga shi da maganar ƙabila.

Sai dai ba zan ɓoye laifinmu ba. Bariki ba ya koya wa mutum lallashi. Da na dawo gida na sa kuɗin sallamata a cinikin albasa, shekarar farko na sha kashi. Dillali ya ce mini gobe, ni kuwa na ɗauka goben soja ce. Na ba da bashi ba shaida, don na saba maganar mutum ita ce takardarsa. In yaran da ke mini lodi suka makara sai in daka musu tsawa, washegari babu ko ɗaya. A gida ma sai da uwargidana ta zaunar da ni ta ce, "Malam, 'ya'yanka ne fa, ba kurata ba." Wani dattijo a kasuwa, wanda bai taɓa shiga aji ba, shi ya koya mini cewa gaisuwa mai tsawo ba ɓata lokaci ba ce, da ita ake buɗe ciniki, kuma mutum ya fi yi maka aiki in ka nemi shawararsa. Cibiyar da ke Oshodi a Legas tana koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'o'i, kuma tana da amfani ƙwarai. Amma zama da mutanen da ba ka da ikon ba su oda, wannan sai a cikin gari ake koyon sa, kuma wasunmu har yau ba su iya ba.

Mu a Sakkwato bai kamata a tsaya yi mana dogon bayani ba. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, Allah ya ƙara masa lafiya, Birgediya Janar ne kafin ya hau gadon sarauta a 2006. Ga Barikin Giginya a cikin garinmu, ga hedikwatar Runduna ta 8. Kusan kowace unguwa, daga Mabera zuwa Runjin Sambo, akwai tsohon Kofur ko Saje da ke zaune a ƙofar gida yana jiran fansho, da ilimin da gwamnati ta kashe kuɗi ta ba shi.

Kowace 15 ga Janairu ana tuna mu, a ajiye furanni, a yi fareti. Mun gode. Abin da nake roƙo ƙarami ne. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kabu-kabu su nemi tsofaffin sojojin unguwarsu su koya wa membobinsu taimakon gaggawa: yadda ake tsayar da jini, yadda ake kwantar da wanda ya suma a gefensa, yadda ake ɗaukar wanda ake zargin ya karye a baya. Makarantu su gayyace mu. Masu neman mai kula da sito ko motoci su tuna da mu kafin su tuna da benci. Garuruwanmu na gabas irin su Isa da Sabon Birni, inda 'yan bindiga ke raunata mutane kuma asibiti ke da nisa, sun fi kowa buƙatar a samu ko mutum biyar a kowane ƙauye da suka iya ɗaure ciwo.

Ni dai na riga na yi magana da limamin masallacinmu. Ya amince in fara da matasan unguwa ranar Asabar bayan sallar asuba, na kuma ce kowa ya zo da tsohon zane mai tsabta da za mu yayyaga.

Wassalam.

Naka,
Samanja mai ritaya,
Mabera, Sakkwato.