Malam Edita, a taya mu neman wurin da za mu zauna mu yi aiki

Assalamu alaikum Malam Edita, ya aiki ya jama'a, da fatan ana lafiya. Dan Allah ka ɗan sam min fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mana tuwo a ƙwarya, mu matasan da muke cin abinci da kwamfuta amma ba mu da oga ba mu da ofis. Ni dai zane nake yi, katin biki, fosta, kalanda, tambarin kamfani da makamantansu, a nan cikin Kano. Amma ba mu kaɗai ba ne, akwai masu haɗa bidiyo, masu ɗaukar hoto, masu fassara, masu gina manhaja da shafukan intanet, masu kula wa 'yan kasuwa da shafukansu na Facebook da Instagram, ga marubuta ga masu karanta littafi da murya suna ɗorawa a YouTube, wallahi muna da yawa fiye da yadda ake zato. Kuma in ka tara mu ka ce kowa ya faɗi damuwarsa, kafin a zo kan kuɗi ko kwastoma abin da za ka fara ji shi ne, a ina zan zauna in yi aikin?

Gida dai ba ya yiwuwa ga yawancinmu, kowa ya san yadda gidajenmu suke, gidan yawa ne, ɗaki ɗaya samari uku ko huɗu, yara na kai da kawo, ga aike, in Hajiya ta ganka zaune da laftof a cinya ai a wurinta zaman banza kake, tashi ka sayo min kaza. Ba laifinta ba ne, a saninta mai aiki fita yake yi da safe ya dawo da yamma. To ko an bar ka ka zauna, ina wutar? Laftof in ya kwana biyu batirinsa ba ya wuce awa ɗaya zuwa biyu, kuma kwastoman da ke Legas ko Dubai da ya ce yana son aikinsa ƙarfe huɗu babu ruwansa da an ɗauke muku wuta, in ka saɓa sau ɗaya sau biyu sai ya nemi wani, shi ke nan ka rasa shi.

Da can ana lallaɓawa da ƙaramin janareto. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023 wannan hanyar ta toshe, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1000. A watan Afrilu 2024 kuma aka kai kuɗin wutar 'yan Band A, wato layin da aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit bisa alkawarin awa 20 a rana, wanda kuma ba ya kan wannan layin sai abin da ya samu. Ba mu gama farfaɗowa ba sai ga duhun watan Oktoba 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna sannan ɗaya layin da ke biyowa ta Benuwai shi ma ya samu matsala, kusan duk Arewa ta fi mako guda babu wuta. A wancan lokacin masu cajin waya ne suka zama sarakuna, ka ga matashi da jakar laftof a baya yana yawo shago shago yana roƙon soket. Sai kuma farkon 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. To Malam Edita ka haɗa lissafin nan a kan mutum ɗaya da ake biyansa in ya gama aiki, wani watan a samu wani watan shiru, ka ga ko zai fita.

Amma abin da ya gagari mutum ɗaya ai ba ya gagarar mutum ashirin, kuma a nan maganata take. Laftof na yau da kullum bai fi ya ja wat 60 ba ko ƙasa da haka, ashirin a haɗe wajen wat 1200 ke nan, ka ƙara fankoki da ƙwayayen fitila da na'urar intanet, duka sola matsakaiciya da inbata da batura masu kyau za su ɗauka, ga rana Allah Ya hore mana ita har ta yi yawa. Masu haɗa fim ne kawai injinansu ke jan wuta sosai, su sai a ware musu layi. Intanet ma haka, tun Janairu 2023 Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ya shigo Najeriya, mutum ɗaya kamar ni ba zai iya sayen kwanon da biyan kuɗin wata ba, amma in an raba wa mutum ashirin sai ya zama bai kai abin da kowa ke ƙonawa a data ba. Ɗaki mai faɗi, tebura, kujerun da ba sa karya baya, wuta, intanet, banɗaki mai tsafta, wurin sallah. Iyakar abin ke nan fa.

Kuma kar wani ya ce baƙon abu ne aka kwaso daga Turai. Je ka kowace unguwa ka leƙa shagon teloli, mutum biyar ko shida, kowa da kekensa kowa da kwastomominsa, amma haya ɗaya suke haɗawa su biya, man janareto karo karo, in aiki ya yi wa wani yawa gab da sallah ya miƙa wa na kusa da shi, yaron da ya zo koyo kuma yana gani yana ɗauka har ya ƙware. Abin da muke nema ke nan, sai dai mu kekenmu laftof ne.

Ba wai babu irin wuraren nan kwata kwata ba, akwai, kuma waɗanda suka fara sun cancanci yabo. A Kaduna Sanusi Ismaila ya buɗe CoLab tun 2016, a Jos akwai nHub, nan Kano muna da irin su Startup Kano da Blue Sapphire Hub, kuma matasa da dama ta nan suka fara ganin haske. A Legas kuwa CcHUB da ke Yaba ita ce uwa ma ba da mama, har Mark Zuckerberg mai Facebook sai da ya taka ƙafa ya je can a watan Agusta 2016, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Bosun Tijani, shi ne ya zama ministan sadarwa a 2023. Ka ga ashe ɗakin da matasa ke haɗuwa su yi aiki ba abin rainawa ba ne. Matsalar ita ce sun yi kaɗan ƙwarai, garin da ke da miliyoyin mutane kamar Kano a ce wuraren ba su wuce ka ƙirga da yatsu ba, kuma galibi suna can ɓangaren da haya ke da tsada. Yaron da ke Kurna ko Rijiyar Lemo ko Ɗorayi ko Gaida in ya lissafa kuɗin adaidaita zuwa da dawowa sai ya ga gara ya haƙura. Balle a yi maganar Gusau, Azare, Nguru, Funtuwa, Birnin Kudu, su ma fa akwai masu wannan sana'ar a can.

Shi ya sa nake kira ga masu hannu da shuni namu, musamman alhazan da ke ta gina filaza ana barin saman bene a rufe shekara da shekaru babu ɗan haya. Alhaji, wannan ma kasuwa ce. Amma dan Allah kar a yi irin ta WeWork, kamfanin nan na Amurka mai ba da hayar wurin zaman aiki da aka taɓa yi wa kuɗi dala biliyan 47 a 2019, suka dinga kama manyan benaye haya ta shekaru masu yawa suna ƙawata su, su kuma masu zama wata wata suke biya, da mutane suka ja baya sai bashin haya ya danne su, a Nuwamba 2023 suka je kotu suka ce sun karye. Mu ba ma buƙatar kujerun alfarma da injin kofi da bango mai zane zane. A sa kuɗin a batir da intanet, a yi shi a cikin unguwa inda mutum zai iya takowa da ƙafa, sannan a bar mutum ya biya na yini ko ma na rabin yini, domin wanda bai san ko zai samu aiki mako mai zuwa ba ba zai iya ɗaure kansa da kuɗin wata ba. Mai wurin kuma yana da wasu ƙofofin samu, firinta, ɗaukar hoton fasfo, hayar ɗakin taro, ajin koyarwa da yamma, har mai shayi da mai abinci sai sun samu ciniki a bakin ƙofa.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani sosai shi ne wajen 'yan'uwanmu mata, domin su abin ya fi shafa kuma su aka fi mantawa. Duk mai bibiyar rubutun Hausa a intanet ya san mata ne suka riƙe shi, littafi guda cur za ta rubuta da babban yatsa a kan waya, tana yi tana duba caji. Akwai masu zane, akwai masu sayar da kaya ta WhatsApp da suke buƙatar hoto mai kyau, akwai waɗanda suka koyi haɗa manhaja suka fi mu iyawa. Amma wace yarinya ce mahaifinta zai bari ta je ta wuni a ɗakin da samari suka cika ana ihun ƙwallo? Wane miji ne zai yarda? Gaskiya kaɗan ne, kuma ni ban ga laifinsu ba. To a yi abin yadda zai karɓu, a ware musu ɓangarensu da ƙofarsu da banɗakinsu, a sa mace ta kula da wurin, a bar uba ko miji ya zo ya gani da idonsa kafin ya amince, a yi la'akari da mai goyo, a kuma tsara lokaci yadda za ta koma gida kafin magariba. Wanda ya fara yin wannan a Kano da gaske, ina mai tabbatar masa kujerunsa ba za su zauna babu kowa ba. Sannan a samu ɗan ƙaramin ɗaki guda da aka toshe shi daga hayaniya saboda masu naɗar murya da masu ganawa da kwastoma ta bidiyo, yanzu da yawa sai sun jira tsakar dare gari ya yi tsit kafin su iya ɗaukar sauti.

Gwamnati kuma ga nata. Muna jin shirin 3MTT na horar da matasa miliyan uku, muna ganin jihohi na yaye ɗalibai ana raba laftof ana ɗaukar hoto, madalla, ba mu raina ba. Amma bayan an watse daga taron yaron nan gida zai koma inda babu wuta babu data, wata uku ka ji ya kai laftof ɗin kasuwar waya ta Farm Centre ya sayar ya ja jari ko ya biya bashi, abin da aka koya masa kuma ya bi iska. Horo ba tare da wurin aiki ba asarar kuɗi ce. Ba sai an gina sabon bene an yanka kintinkiri ba, akwai ɗakunan karatu na jiha irin na Murtala Muhammad da ke nan Kano da rassansu a ƙananan hukumomi, a ware zaure guda a sa sola da intanet. Akwai kuma cibiyoyin jarrabawar JAMB masu ɗaruruwan kwamfutoci da janareto da kujeru, waɗanda hidimarsu ta 'yan makonni ce a shekara, me zai hana a zauna da masu su a ga yadda za a buɗe wani ɓangare sauran watannin? Sai dai ina roƙo, in an yi kar a damƙa wa ma'aikacin da zai rufe ƙarfe biyu ya tafi da mukulli, a ba matasan da suka san harkar su gudanar bisa yarjejeniya, ana karɓar ɗan kuɗi kaɗan domin gyara, saboda kayan kyauta mun san yadda yake ƙarewa, ranar da batir ya mutu shi ke nan an rufe.

Mu ma masu sana'ar akwai gyara a wurinmu. In an buɗe wuri ba majalisa ba ce, ba wurin musun Arsenal da Chelsea ba ne ko kallon TikTok da sauti a sake. Kar ka leƙa allon na kusa da kai ka ɗauki lambar kwastomansa ka bi ta baya ka karya farashi, wannan cin amana ne kuma shi ke kashe irin wannan zama. Mai wurin shi ma ya karɓi lambar NIN na kowa ya san wa ke shigar masa, ya ba da katin shaida, domin ɗan damfara ɗaya in ya samu gindin zama sai ya ja wa kowa. Katin nan ma kariya ce gare mu, don har yanzu akwai masu kallon duk saurayin da ya rataya laftof a matsayin ɗan yahu, kuma wanda ya tuna ƙorafe ƙorafen da suka tayar da zanga zangar EndSARS kan cin zarafin da 'yan sanda ke yi a 2020 ya san ba ƙaramar magana ba ce.

In ma attajirai da gwamnati sun yi jinkiri, ba sai mun jira ba. Mutum goma sha biyar da suka yarda da juna za su iya yin adashi su kama shago biyu a unguwa, su fara da fanel huɗu da batir ɗaya da tebur na kafinta, a rubuta doka a manna a bango, a naɗa ma'aji, a riƙa ƙarawa a hankali. Ina roƙon jaridarku ta tura wakili ya zagaya Zoo Road da sauran wuraren da matasan nan ke fakewa ya ji daga bakinsu, a buga, ko Allah zai sa wani mai bene a rufe ya karanta. Na gode da wannan dama, Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani mai zane da kwamfuta, daga Kano