Na sa ɗana makarantar kwana, uwarsa ta yi yaji

Assalamu alaikum Malam. Daga Garwa nake rubuto maka, kuma don Allah a sakaya sunana. Yau kwana 9 ke nan matata tana gidansu a Pitowa. Ta kwashe ƙananan yara biyu ta bar mini babban, wai tunda nawa ne ni kaɗai in yi yadda na ga dama da shi. Na je biko sau biyu, yayanta ya tare ni a zaure ko tabarma bai shimfiɗa mini ba. Wannan yayan nata shi ne ke zuga ta, mutumin da ko aji uku bai gama ba, kullum yana zaune a kasuwa yana raba aure da baki.

Abin da ya faru, yaron ya ci satifike, wato jarrabawar gama firamare, ya ci konkur na shiga siziyem, wato jarrabawar shiga ajin farko na sakandare, sai na nema masa gurbi a wata makarantar kwana a Ngaundere, na ba da jaka 60 na sefa kafin alƙalami. Ban gaya mata ba, gaskiya ne, amma na san in na gaya mata kuka za ta yi. Rasit ɗin ta gani a aljihun rigata.

Malam, ni ma haka aka yi mini. Shekarata 11, a 1998, aka ɗauko ni daga Gidar da akwatin ƙarfe da bokiti da tabarma aka kai ni entarna, wato makarantar kwana. Babana ya miƙa ni ga sirbeyan, mai kula da ɗalibai, ya juya, bai waiwayo ba. Ƙarfe biyar na asuba ake kaɗa ƙararrawa, manyan ɗalibai su sa mu ɗebo musu ruwa mu wanke musu kaya, wanda ya yi kuka a dortuwar, wato ɗakin kwana, da dare ya sha belt. Wake da tsutsa muka ci shekara bakwai. Amma ga shi na samu BEPC ta ƙaramar sakandare, na samu bak ta gama sakandare, ina aiki, ban taɓa roƙon kowa ba. Waɗanda muka taso tare aka bar su a gida, yawancinsu mashin suke tuƙawa. To ina laifina?

Ita cewa take yi makarantar ce ta mayar da ni dutse. Wai shekara 13 da aurenmu ban taɓa zama na yi hira da ita ba, wai ina cin tuwo kamar za a ƙwace, hannun hagu na kare kwano. Akwatin nan yana nan a ɗakina da kwaɗonsa, ina ajiye sukari da garin rogo da madarar gwangwani a ciki. Ta ce wane irin magidanci ne ke kulle sukari a gidan da shi ke cefane. Ni ban ɗauke shi a bakin komai ba, kawai dai in babu a ciki barci ba ya zuwa. Ta gaya wa yayanta wannan ma, yanzu duk danginsu sun sani.

Na manta ban faɗa ba, ranar da ta ga rasit yaron ya fashe da kuka ya riƙe zanenta, sai na mare shi. Sau ɗaya ne. Ban taɓa dukansa ba kafin nan. Kukan ne na kasa jurewa, ban san me ya hau kaina ba.

Ina aji biyu innata ta rasu. Ba a gaya mini ba sai da na dawo hutun Disamba, sati uku da binne ta, wai kada a ɓata mini jarrabawa. Na shiga ɗakinta na tarar an sa buhunan dawa. Ban yi kuka ba, har yau. Matata ba ta san wannan ba, ba na son a ji tausayina.

Satumba ta kusa, kuɗin kuma sun ce ba a mayarwa. Da farko so nake ka faɗa mini yadda zan dawo da ita ba tare da na durƙusa wa yayanta ba, don hakkina ne in zaɓa wa ɗana makaranta. Amma jiya da dare na leƙa ɗakin yaron, na ga ya ɓoye rabin burodi a ƙarƙashin matashi, kuma tun tafiyar uwarsa in na shigo sai ya miƙe tsaye ya sa hannu a baya. Ban koya masa haka ba. Malam, me zan ce masa? Ban san yadda ake fara magana da yaro ba.

Wassalam,
Wani uba daga Garwa